GYARA KAYANKA: YADDA MAI LAMBU ZAI SHIRYA ƘANANAN KAYAN AIKINSA, YA ƊAUKE SU, YA KOMO DA SU

 In ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo, masu fadama su kan fara duban inda za su yanka fangula. To, kafin ka sa fartanya a ƙasa, muna so mu yi shawara da kai bisa wani abu wanda mutane su ke rainawa, watau ƙananan kayan aikin lambu, da inda a ke ajiye su, da yadda a ke kai su a komo da su. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba za mu ce ka sayi wani sabon abu ba, gama abin da ke cikin gidanka ya isa, in dai ka ba ko wane abu mazauninsa.

HASARAR DA BA A LISSAFAWA

Ka tuna wata safiya da ka yi sallar asuba, ka yi niyyar sammako. Ka nemi lauje, aka ce yaro ya kai shi yankan ciyawar awaki. Ka nemi igiyar awo, ashe an ɗaure tunkiya da ita. Kafin a tattaro su rana ta fito. Ka isa fadama, ka kwance ƙullin irin albasa, sai ka tarar jiya ka sa shi cikin buhu ɗaya da taki, ya jiƙe ya cure. Ka juya gida, ka komo hantsi ya dubi ludayi, mai ban ruwa na kusa da kai har ya gama ya naɗe tiyo. Da sanyin safiya a ke kama fara, kai kuwa safiyarka ta tafi wajen nema.

Mai lambu ya kan lissafa kuɗin iri, da na taki, da na mai, amma ba ya lissafa irin wannan safiya. Alhali kuwa kwanakin sanyi ƙidayayyu ne. Tumatir da albasa da latas da kabeji hunturu su ke so, wanda ya makara da dashe kuwa zafin bazara zai tarar da amfaninsa bai ƙosa ba. Wannan haka ya ke ko a Kadawa da Kura, inda ruwan madatsar Tiga ya ke bi ta magudanai, ko a Bakalori, ko a Aliero da Galmi na masu albasa, ko a ɗan lambun bayan gari wanda har yanzu a ke ba shi ruwa da jigo. Sa'an nan akwai hasarar da ta fi ta lokaci, watau ta lafiya da ta rai, za mu zo kanta a gaba.

KAYA UKU, MAZUBI UKU

Kayan lambu duka, in ka dube su, kashi uku ne. Na fari ƙarfe: fartanya, garma, sungumi, lauje, adda, wuƙa, magagari. Na biyu iri da dashe. Na uku taki da maganin ƙwari da na ciyawa. Doka ɗaya ce tak a wannan takarda, sauran duk bayaninta ne: kada ɗayan ukun nan ya kwana ko ya yi tafiya cikin mazubi ɗaya da ɗan'uwansa. Dalili kuwa, ko wane ɗaya maƙiyin sauran ne. Ƙarfe ya kan huda ƙullin iri da kwalbar magani. Taki ya kan ci ƙarfe, ya ƙone iri. Magani kuwa ya kan ɓata duk abin da ya taɓa, har abincinka da ruwan shanka.

NA FARI, ƘARFE

Ka zaɓi bango ɗaya a zaure ko a ɗakin ajiya, inda ruwa ba ya yoyo, ka kafa ƙusoshi ko 'yan turaku a jere, sama da inda hannun yaro zai kai. Ko wane ƙarfe da maratayinsa. In kana so ka ƙara kyautatawa, ka rataye shi, ka zana siffarsa a jikin bango da gawayi ko farar ƙasa. Ran da wani ya ɓace, zanen nan da babu kome a kansa shi zai gaya maka tun da dare, tun mai aro bai manta ba, tun ciyawa ba ta rufe shi ba. Kada ka jingine fartanya a ƙasa, domin gara tana cin ƙota, danshi kuma yana kawo tsatsa.

Iskar hunturu ta kan busar da itace har ƙota ta saki ƙarfe. Mutum ya ɗaga gatari ko fartanya, ruwanta ya fice ya tafi inda ba a aike shi ba, sau da yawa kuwa wanda ke gabansa ɗansa ne. Sabo da haka ko wane mako ka girgiza ko wace ƙota. Wadda ta yi kwance ka buga mata ɗan itace ta matse, wadda ta tsage ka sake ta. Masassaƙa sun san marke da aduwa suna da ƙarko ga wannan aiki. Ka shafa wa ƙota ɗan man kaɗe, ka goge ƙarfe da tsumma mai maiƙo kafin ka rataye. Abin da ke bukatar maƙeri kuwa, ka kai masa tun kaka, kafin masu lambu su yi masa yawa.

Washi da dare a ke yinsa, ko da la'asar bayan an tashi aiki. Fartanya mai kaifi tana rage wa mutum ciwon baya, wuƙa mai kaifi kuma ba ta yaga reshe. Amma ka tafi da ɗan magagari cikin jaka, domin ƙasar fadama in ta bushe ta kan dakushe ƙarfe tun kafin azahar.

NA BIYU, IRI

Iri abu ne mai rai, yana barci ne kurum. Abu biyu ke gajerta kwanansa, danshi da zafi. Masana iri sun auna, sun ga in danshin da ke cikin ƙwaya ya ragu da kashi 1 cikin 100, kwananta ya kan ninka, haka kuma in zafin wurin ajiya ya sauka da digiri 5. Ka ga ke nan wanda ya bar irinsa cikin baƙar leda a bisa kunya, rana na dukansa tun safe har azahar, da hannunsa ya kashe shi.

Ka shanya iri a inuwa har ya bushe ƙayau, ka zuba shi cikin kwalba ko gora mai murfi da ke toshewa sosai, ka sa ɗan busasshen gawayi ko tankaɗaɗɗiyar toka domin su tsotse danshi. Ka rataye a ragaya cikin ɗaki mai sanyi, nesa da murhu, inda ɓera ba ya kaiwa. Ko wace kwalba ka rubuta mata sunan iri da watan da aka tara shi da shekara, ko da boko ko da ajami. Kada ka ce ai za ka gane. Irin barkono da na tattasai da na attarugu, in sun bushe, ko mai lambun shekara 30 ya kan ruɗe. Rubuta shekara kuwa wajibi ne, domin ƙwayoyi ba su da kwana ɗaya: irin albasa da wuya ya wuce shekara guda da ƙarfinsa, na tumatir kuwa ya kan yi shekaru in an tsare shi da kyau.

In kana shakkar wani iri, ka gwada shi tun a gida. Ka ƙirga ƙwaya 100, ka jera bisa jiƙaƙƙen tsumma, ka naɗe, ka ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa kullum. Bayan kwana 10 zuwa 14 ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun kai 80, iri ne na ƙwarai. In rabi ne, ka ƙara yawan abin da za ka yafa. In ba su kai haka ba, ka nemi wani tun da sauran lokaci.

Ran shuka kada ka ɗauki kwalba duka. Ka ɗebi na yini cikin 'yar takarda ko ƙullin tsumma, ka sa a zabira ko aljihun da babu kome cikinsa. In ya zube a hanya, na yini ɗaya ka rasa.

Dashe kuma ka ba gadonsa ruwa kafin ka cire, ka ɗebo shi da ƙasar saiwarsa, ka jera cikin kwando ko masaki wanda ka shimfiɗa wa jiƙaƙƙen buhu, ka rufe da ganye. Ka cire gwargwadon abin da za ka iya dasawa a yammacin nan, gama dashen la'asar ya fi na hantsi kamawa.

NA UKU, TAKI DA MAGANI

Takin zamani gishiri ne, yana jan danshi daga iska. Yuriya, in an bar bakin buhunta a buɗe, sai ta narke ko ta dunƙule kamar dutse. Ka ɗora buhu bisa katako ko duwatsu, kada ya taɓa ƙasa ko bango, ka ɗaure bakinsa ko yaushe ka ɗiba. Buhu kilo 50 ne, babu dalilin kai shi fadama gaba ɗaya ana komowa da shi. Ka auni na yini a bokitin roba. Duk ƙarfen da ya taɓa taki ka wanke shi ran nan, in ba haka ba tsatsa za ta cinye shi kafin damina.

Maganin feshi kuwa, a nan ne maganar rai ta ke. Ka samo akwati na kansa, ka sa masa kwaɗo, mabuɗi a hannunka. Kada ya kwana a ɗakin barci, ko cikin rumbu, ko kusa da madafa. Ka bar shi cikin kwalbar da ya zo da ita, da takardarta a jiki. Kada ka juye shi cikin kwalbar lemo ko gorar ruwa, domin yaro mai ƙishirwa ba ya tambaya. A ƙasan takardar kwalba a kan ja wani layi mai launi, ja shi ne mafi haɗari, sa'an nan rawaya. Ma'aunin magani na magani ne shi kaɗai, ka ɗaure shi da zare a wuyan famfon feshi. Cokalin gida da ludayi ba su shiga wannan aiki ko sau ɗaya.

Cikin akwatin nan ka ajiye safar hannu ta roba, da abin rufe hanci, da sabulu, da tufar feshi wadda za a riƙa wankewa dabam. In bakin famfo ya toshe, ka kwance ka wanke, ka share da ɗanyen tsinken ciyawa. Kada ka busa da baki. In kana da hali, famfon maganin ciyawa ya zama dabam da na ƙwari, domin ɗan ragowar maganin ciyawa a cikin tanki ya isa ya murɗe ganyen tumatir fangali guda. Kwalba in ta ƙare ka ɗauraye ta sau uku, kana juye ruwan cikin tankin feshi, sa'an nan ka huda ta, don kada wani ya tsince ta ya zuba mai ko nono.

Irin da a ke sayarwa cikin gwangwani ko takarda, wanda ka ga an rina shi ja ko shuɗi ko kore, an cuɗa shi da magani. Ba a ci, ba a ba kaji, wankewa kuma ba ta raba shi da guba. A ƙasar Iraƙi, cikin 1971 da 1972, aka raba wa manoma irin alkama da sha'ir wanda aka cuɗa da wani magani mai guba ƙwarai. An rina shi, an kuma rubuta gargaɗi a jikin buhu, amma da harsunan da mutanen ƙauye ba su karantawa. Waɗansu suka wanke launin, suka niƙa, suka yi gurasa. Mutum fiye da 6,000 aka kwantar a asibiti, fiye da 400 suka mutu a can. Kai da Allah Ya ba karatu, hakkin maƙwabcinka ne a kanka ka karanta masa abin da ke jikin kwalba da buhu.

JAKAR YINI

Bayan mazubi ukun nan, ka keɓe jaka ɗaya, ko burgami ko sanho, wadda ba ta da wani aiki sai zuwa lambu. Ga abin da zai zauna cikinta kullum: wuƙa cikin kubenta, magagari, igiyar awo da turakunta biyu, zaren ɗaure, tsumma mai tsabta, da ɗan sabulu. Mai injin ban ruwa ya ƙara sifana, da fulogi na ajiya, da robar ɗaure tiyo, gama sau da yawa abin da ke hana ban ruwa bai fi girman yatsa ba.

Igiyar awo ka yi mata ƙulli-ƙulli tun a gida. Ɗaya mai ƙulli ko wane kamu domin tumatir da barkono, ɗaya mai ƙulli ko wane faɗin tafin hannu domin albasa. Da ita ko yaro zai jera dashe daidai, layi ya miƙe, ruwa ya bi, noma ya yi sauƙi.

Abinci da gorar ruwan sha su yi tafiya a nasu ƙunshi. Ka shirya jaka da dare bayan lisha, ka rataye ta kusa da fartanya, da asuba sai ɗauka kurum.

A KAN HANYA

Mai tafiya a ƙasa ya saɓa fartanya a kafaɗa, ya naɗe bakin lauje da adda da tsumma ko ya sa su a kube, kada ya bar yaro ya bi shi dab da baya. Yaro ya ɗauki kwando da igiya, babba ya ɗauki mai kaifi da mai guba. Kada a aiki yaro sayen magani, kada kuma a ɗora shi a ka, domin in ya tsiyaya fuska da ido zai bi.

Mai jaki ya daidaita mangala, nauyin dama ya zo ɗaya da na hagu, ya kyautata akumari, ya juya bakin ƙarfe waje. Kayan da ya karkata shi ke yi wa jaki miki, jaki mai miki kuwa hutun dole ne a tsakiyar aiki. Ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 20 kilo 20 ke nan, sai a sa ta gefe guda a sa kishiyarta a ɗaya gefen. Mai baro ya sa abu mai nauyi a gaba, bisa ƙafar baro, hannunsa zai huta. Mai keke ko babur ya ɗaure dogayen kaya a tsaye da tsawon abin hawa, bakin ƙarfe yana duban baya. Wanda ya gitta fartanya a bayan babur ya bi ta kasuwa, ƙafar mutane ya ke nema. Man inji da magani kuma ko wane a tsaye, murfi a ɗaure, nesa da iri da abinci.

A CIKIN LAMBU

Da isarka ka sauke kaya a wuri ɗaya kullum, a inuwa, ka kafa gwafa ka rataye jaka. Abin da ka gama aiki da shi ka mayar can nan take. Kada ka yar da lauje cikin ciyawa, kada ka kwantar da fartanya bakinta a sama. Ƙasar lambu cike ta ke da takin dabbobi, cikinta kuwa a ke samun ƙwayar cutar nan mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus. Wanda ƙarfe ya sare shi ya wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ya ɗaure da tsumman nan na jaka, ya tafi asibiti ran nan a duba ko yana bukatar allura. Kada a tura ƙasa ko kashin shanu cikin rauni. Buhu ko takalmin da ya daɗe a ƙasa kuma a kakkaɓe shi kafin a sa hannu, sabo da kunama.

Ɗaura jan ƙyalle ko shafa jan fenti a ƙotar ƙananan kaya yana sa a hango su cikin ganye. In za ka tashi, ka ƙirga. Da guda nawa ka zo? In bakwai ne, kada ka bar fadama da shida.

Kafin ka ɗaure kaya, ka kankare ƙasar da ta manne wa ƙarfe, ka wanke. Wannan ya wuce maganin tsatsa. Ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta, ƙwayarsa ƙanana ce kamar ƙura, tsiro ɗaya ya kan zubar da dubbai, ta kan kuma yi fiye da shekara 10 cikin ƙasa tana jiran dawa ko gero ko masara. Fartanyar da ta yi noma a gona mai ƙuduji tana iya kai shi gona mai lafiya. Haka tsutsar nan da ido ba ya gani, mai sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulli-ƙulli, cikin ƙasa ta ke tafiya. Tsutsar tumatir kuma da manoma suka sa wa suna sharon, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa cikin 2016, tana bin dashe da kwandunan da suka komo daga kasuwa. Sabo da haka ka kakkaɓe kwando ka shanya shi a rana nesa da lambu, dashen da ba ka san asalinsa ba kuma ka dube shi ganye-ganye kafin ya shiga fangalinka.

GA DAGATAI DA MASU UNGUWA

Ranku ya daɗe, ku kuka fi kowa sanin yawan ƙarar da a ke kawowa ƙofar gidanku bisa fartanyar aro da laujen da ya ɓace ran gayya. Maganin wannan yana hannunku. Ku umurci ko wane gida ya yi wa kayansa shaida, maƙeri ya buga ta a ƙarfe ko a ƙona ta a ƙota, yadda a ke yi wa dabbobi. Ran gayya a sa mutum ɗaya ya ƙirga kaya da safe, ya ƙirga da yamma kafin a watse. Wanda ya ari abu ya mai da shi ran da ya ce, a wanke, a wase.

Sa'an nan ku haɗa kai da sarkin noma da malamin gona bisa abu uku. A hana sayar da kwalaben magani da jarkokinsa ga masu mai da masu nono. A hana wanke famfon feshi a bakin rijiya, ko a rafi, ko a tafkin da dabbobi ke sha. A kuma sa mai karatu ya karanta wannan takarda a dandali ko a ƙofar masallaci bayan la'asar, domin wanda bai iya karatu ba shi ma ya ji, har matan da ke da lambun bayan gida.

To, jama'a, ga abin da muka roƙe ku. Yau da dare ko wane mai lambu ya fito da kayansa tsakar gida, ya raba su kashi uku, ya kafa ƙusoshinsa, ya rubuta sunan irinsa, ya kulle maganinsa. Aikin bai fi na tsakanin magariba da lisha ba. Allah Ya ba mu rani mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu, amin.